Faifan garmahon kaka: kada allurar banza ta cinye shi kafin waya ta cece shi

Kusan kullum sai an ji kalmar a labarai: wani faifan bidiyo ya karaɗe shafukan sada zumunta. Matashin da ke zaune a majalisa a Takur ko Garu cikin Dutse, yana latsa waya, shi ma haka yake cewa, a turo masa faifan. Alhali a cikin wayar babu wani faifai. Kalmar gado ce. Daga faifan saƙa da mata ke rufe ƙwarya aka aro ta, aka laƙaba wa baƙin farantin nan mai zagaye da ake ɗorawa a kan garmaho. Daga nan ta bi CD, ta bi bidiyo, har ta shigo TikTok. Sunan ya rayu, mai sunan kuwa yana can ƙarƙashin gado ko cikin tsohuwar adaka, ƙura tana cinsa.

A ƙasashen Turai da Amurka labarin ya sha bamban, domin can faifan ya dawo da ƙarfinsa. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, sun nuna cewa a 2022 an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41, CD kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifan ya wuce CD a yawa. Kamfanin Technics da ya daina ƙera shahararriyar na'urarsa SL-1200 a 2010 ya dawo da ita a 2016. Duk mai yawo a Instagram ya sha cin karo da hoton ɗaki mai fitila ja-ja, faifai na juyawa, ana kurɓar shayi. Ba abin mamaki ba ne idan ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya gani ya ji shi ma yana so.

To amma ya kamata a raba abu biyu. Akwai yayin sayen sabon faifai don gayu, akwai kuma ceto tsofaffin faifan da ke gidaje. Na farkon bai dace da aljihu ko yanayin Jigawa ba. Na biyun kuwa aiki ne na gaggawa, kuma babu wanda ya fi cancanta ya yi shi kamar matashin da ya iya waya da kwamfuta.

Batun "ya fi daɗin sauti"

Masu sha'awar faifai suna yawan cewa sautinsa ya fi na dijital. A ma'auni ba haka ba ne. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi a CD ta kai kusan desibel 96, faifai mai kyau kuwa da ƙyar yake haura 70. Faifai yana da ƙaras-ƙaras, yana da shuu, kuma waƙar da ke kusa da tsakiyarsa ba ta fita tas kamar ta bakinsa. Abin da mutane ke kira ɗumin sauti gaskiya ne kunne yana jin daɗinsa, sai dai wani ɓangare nasa ƴar gurɓata ce mai daɗin ji. Wanda yake da fayil mai inganci a waya da abin saƙala wa kunne na ƙwarai bai rasa komai ba.

Ga kuma kuɗi. Sabon faifai ɗaya a Amurka yakan kai dala 25 zuwa 35, kafin kuɗin kawowa. A canjin da ya haura naira 1,000 kan kowace dala, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na tarayya yake naira 70,000 tun 2024, lissafin a bayyane yake. Sannan ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ba ta da alƙawari. Roba ce faifai, kuma roba ba ta shiri da rana.

Don haka wanda ya ce sayen sabon faifan mawaƙin Amurka a Dutse almubazzaranci ne bai yi ƙarya ba. Inda zai yi kuskure shi ne idan ya haɗa da faifan kakansa.

Abin da ke cikin adaka

Kafin 27 ga Agustan 1991 duk wannan yanki yana cikin tsohuwar Jihar Kano ne, kuma kayan zamani ta Kano suke biyowa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa Ringim da Malam Madori, fataucin gyaɗa ya sa kuɗi a hannun mutane, ma'aikatan En'e da malaman makaranta da direbobin manyan motoci da alhazai suna dawowa gida da rediyo da garmaho. Irin waɗannan gidaje ne ya kamata a fara dubawa a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu.

A Legas kamfanoni uku ne suka riƙe harkar faifai shekaru da dama: EMI, da Decca mai tambarin Afrodisia, da Philips wanda daga baya ya koma PolyGram. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a Yunin 1999, ya yi faifai da EMI. Waƙoƙin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a Yunin 2015, su ma sun fito a faifai. Ba kuma kiɗan Hausa kaɗai ake samu ba. Akwai waƙoƙin fina-finan Indiya, akwai na Larabawa, akwai ma karatun Alƙur'ani, domin Sheikh Mahmud Khalil al-Husari na Masar ya kammala naɗar Alƙur'ani gaba ɗaya tun 1961, zamanin da faifai ne ke ɗaukar sauti zuwa gidaje. Wannan ya isa ya sa wanda ba ruwansa da kiɗa ya karanta takardar da ke tsakiyar faifai kafin ya jefar.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce faifan Hausa ba su da yawa idan aka kwatanta da na kudancin Najeriya. Mawaƙan Arewa sun fi yaɗuwa ta rediyo, daga baya kuma ta kaset, wanda ya mamaye kasuwa a shekarun 1980 saboda arha da sauƙin kwafa. Wannan ƙarancin shi ne ya ba su daraja. Idan faifan Fela ya fashe, akwai dubbai irinsa a Landan da Tokyo. Idan na wani makaɗin kukuma ko kalangu da aka buga kaɗan ya fashe a Kiyawa, mai yiwuwa waƙar ta tafi kenan.

Za a ce ai duk waƙoƙin nan suna YouTube, suna wurin masu tura waƙa a memori. Wasu suna nan, gaskiya ne. Amma a saurare su da kyau. Da yawa kwafin kwafin kaset ne da aka matse zuwa MP3, aka tura ta WhatsApp, aka sake saukewa, har kiɗan ya koma kamar ana yinsa a cikin randa. Ba shekara, ba sunan kamfani, wani lokaci ma sunan waƙar ƙirƙira ne na wanda ya ɗora. Duk ɗan Jigawa da ya taɓa neman waƙoƙin Haruna Uji, ɗan Haɗejia mai gurmi, a intanet ya san irin wahalar da ake sha kafin a sami wadda kunne zai huta da ita. Faifai kuwa yana zuwa da shaidarsa: sunan mawaƙi, sunan kamfani, lambar bugu, sau da yawa har da shekara da hoto. Kuma sautinsa ya fi kusa da ranar da aka naɗe shi fiye da duk wani kwafi da ya biyo baya.

Allura ita ce alƙali

Nan ne matsalar take. Fayil a waya ana iya kunna shi sau dubu bai rage komai ba. Faifai kuwa taɓa shi ake yi, kuma duk taɓawa tana da farashi.

A kowace fuskar faifai akwai siririn layi mai zurfi guda ɗaya tal, wanda ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Da za a warware na babban faifai, tsawonsa zai kusa rabin kilomita. Bangon layin ba santsi ne da shi ba, a karkace yake daidai da yadda sautin ya kaɗa. Allura, wadda tsininta daimon ne a na'urori masu kyau, tana bin layin tana rawa. Rawar tana bin wani siririn tsinke zuwa cikin ƙaramin akwatin da ke bakin hannun na'urar, wato kan allura. A yawancin kawunan da ake sayarwa, ɗan maganaɗisu ne a ƙarshen tsinken, yana motsi kusa da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, motsin ya haifar da ƴar wutar da ba ta wuce milibolt 3 zuwa 5 ba. Akwai masu tsada waɗanda a cikinsu wayar ce ke motsi, maganaɗisun yana tsaye. Masu sha'awa suna kwana suna gardama kan wanne ya fi, amma gardamar masu ƙoshi ce. Mai son ceto faifan gida, na farkon ya ishe shi, musamman da yake ana iya zare allurarsa a sauya idan ta cinye.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne nauyin da allurar ke dannawa. Kai irin AT-VM95E na Audio-Technica giram 2 yake so. Ortofon 2M Red, wanda kuɗinsa ya kusa dala 100, giram 1.8. Ƴan na'urorin nan masu kama da jakar hannu, masu sifika a jiki da Bluetooth, waɗanda suka cika shagunan intanet da arha, yawanci kan tangaran ne da su, suna danna giram 5 ko fiye, babu wurin daidaitawa, kuma tsinin allurar wasunsu ba daimon ba ne, yana saurin dakushewa. Allurar da ta dakushe ko ta gutsure ba karanta layin take yi ba, sassaƙarsa take yi. Sautin da ta kankare ba ya dawowa, ko da daga baya an sayo na'urar miliyan.

Akwai wata tsohuwar dabara da ta kashe faifai da yawa: idan allura tana tsalle, sai a ɗora kwabo a kan hannun don ya danne ta. Tsallen yakan daina, amma faifan ne ke biyan kuɗin. Haka kuma tsohuwar na'urar da aka tarar tare da faifan a adaka, ba a yarda da allurarta. Ko allurar daimon mai kyau tana da iyaka, daga awa ɗari uku zuwa kusan dubu gwargwadon siffarta, kuma robar da ke riƙe tsinken tana bushewa da shekaru, balle a zafin Jigawa.

Sannan ba duk baƙin faifai ne iri ɗaya ba. Tsofaffin na asali, masu nauyi da saurin fashewa kamar tangaran, da wani irin ƙaro mai suna shelak aka yi su, suna juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ba ta wuce minti 3 ko ɗan ƙari. Su ne na garmaho mai wani, wanda ake sa wa allurar ƙarfe da ya kamata a sauya bayan kowace fuska. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda fuskarsa ke ɗaukar minti 20 ko fiye, a 1949 kuma RCA ya fito da ƙarami mai juyi 45. Ga makaɗin Hausa wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin waƙar da a gaban sarki ko a dandali ake jan ta rabin awa, a faifan farko dole a datse ta ta koma minti uku. Layin faifan 78 ya fi na roba faɗi sosai, don haka allurarsa daban ce, tsininta ya ninka na ɗayan kusan sau huɗu. Idan aka sa siririyar allura a faifan 78, sai ta nutse ƙasan layin ta riƙa kwaso ƙara. Idan kuwa aka ɗora faifan roba a garmaho mai allurar ƙarfe, juyi ɗaya ya isa ya gama da shi.

Wani tarkon kuma na wuta ne. Najeriya tana kan bolt 230 da bugu 50 a daƙiƙa, Amurka tana kan 120 da bugu 60. Yawancin tsofaffin na'urori da bugun wutar suke auna gudunsu. Idan na gwanjon Amurka ne, ko an sa masa taransifoma, zai riƙa juyi ƙasa da ƙa'ida da kashi ɗaya cikin shida, muryar Shata ta koma ta wani dattijo mai jin barci. Ƙaramin janareta ma haka yake wasa da gudun, yana hawa yana sauka. Wutar inbata mai kyau ta fi, ko na'urar zamani da ke daidaita gudunta da kanta.

Inda waya ke shigowa

Abin da ake buƙata ba shi ne a mayar da faifan abin saurare na kullum ba. A wanke shi, a kunna shi sau ɗaya ko biyu da allura mai kyau, a kwashe sautin, a mayar da shi ma'ajiya.

Wankin na tataccen ruwa ne da ɗigon sabulun ruwa da tattausan burushi, ana bin layin a zagaye, ba a bari takardar tsakiya ta jiƙe, a shanya a inuwa. Sifirit yana narkar da shelak, kada ya kusanci faifan 78. Ajiya kuma a tsaye ake yi kamar littattafai, nesa da bangon da rana ke duka da rufin kwano. Jibga su a kwance shi ke lanƙwasa su.

Wajen naɗa, kara waya a bakin sifika ɓata lokaci ne, domin za ta kwaso kukan akuya da ƙarar babur. Wutar da ke fitowa daga kan allura tana buƙatar ƙaramin amfilifaya na musamman, saboda tun 1954 aka daidaita ƙa'idar rage sautin ƙasa da ƙara na sama lokacin yanka faifai, kuma dole a juya wannan kafin sautin ya dawo daidai. Wanda ya haɗa na'urar kai tsaye da kwamfuta zai ji sauti siriri kamar na sauro. Akwai na'urori irin AT-LP120XUSB da ke da amfilifayan a ciki, da mafitar USB, da gudu ukun duka, ko da yake allurar 78 daban ake sayenta. Wanda ya riga ya sami tsohuwar na'ura mai lafiya, ƙaramin akwati irin Behringer UFO202 zai haɗa ta da kwamfuta. Manhajar Audacity kyauta ce. Wayoyin Android da yawa ma suna karɓar irin wannan sauti ta wayar OTG, ko da yake kwamfuta ta fi kwanciyar hankali.

A ajiye asalin a WAV ko FLAC. Minti ɗaya na WAV mai ingancin CD yana cin kusan megabayit 10, wato faifai mai minti 40 zai ci kusan 400, FLAC kuma wajen rabin haka. MP3 na rabawa ne, ba na ajiya ba. A ɗauki hoton takardar tsakiya gaba da baya, da bangon kwali, da ƴan lambobin da aka zana a jikin robar kusa da tsakiya. A kuma kunna rikodar waya a tambayi tsohon da ya saya: ina, yaushe, nawa, wane biki aka kunna shi. Wannan hirar wataƙila ta fi waƙar wahalar samu nan da shekara goma.

Ba kowa ne zai sayi waɗannan kaya ba, kuma bai kamata ba. Na'ura ɗaya mai kyau ta ishi gari guda. Jihar da ta yi suna da cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, take da jami'ar tarayya a Dutse tun 2011 da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, take da Rediyon Jigawa da Freedom Radio, ba za ta rasa tebur ɗaya da mutum ɗaya da za a riƙa kai wa faifai a kwashe a mayar wa mai shi ba. Zanen duwatsun Birnin Kudu suna da hukumar da ke kula da su. Muryoyin da aka naɗa shekaru sittin da suka wuce, waɗanda suka fi dutse saurin lalacewa, ba su da kowa sai jikokin masu su. Ƙungiyar ɗalibai masu nazarin Hausa da ta masu kwamfuta za su iya haɗa kuɗi su fara, ba sai an jira kasafin gwamnati ba.

Akwai batun haƙƙin mallaka, kuma ba na wasa ba ne. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kenan iyalan Shata da na Ɗan Maraya suna da haƙƙi. Kwashewa don ajiya daban, ɗorawa a YouTube ana karɓar kuɗin talla daban. Ko a Amurka manyan kamfanonin waƙa sun maka Internet Archive a kotu a 2023 kan aikinta na kwashe faifan 78. Wanda ya sami waƙar da ba a san da ita ba, iyalan mawaƙin ne ya kamata su fara ji.

Masu kuɗin waje kuwa ba jira suke ba. Tun fitowar tarin Nigeria 70 a 2001 da Nigeria Special a 2008, dillalai ke bin garuruwan Najeriya suna sayen tsofaffin faifai, kuma sake buga waƙoƙin William Onyeabor a 2013 ya ƙara wa kasuwar zafi. A wannan shekarar ce kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga waƙoƙin fina-finan Hausa a faifan roba da sunan Harafin So, waƙoƙin da a Kano da Dutse a memori ake jin su. Sayar wa dillali ba laifi ba ne idan farashin ya yi, kuma shafin Discogs yana nuna nawa aka sayar da irin faifan a baya. Sai dai a kwashe sautin, a ɗauki hotunan, kafin ya bar gidan. Mai saye na biyu shi ne ɗan gwangwan da ke zagayawa da kura, wanda garmahon kawai yake so saboda ƙarfen da ke cikinsa, a kilo yake biya, faifan kuma ya bar wa yara su yi ta wurgi da su a lungu.